Tef ɗin da Ba Kyari bai raɗa wa suna ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba Kyari ya rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni. Ina tsakar gida ina shanya sai wayata ta yi ƙara, na ga sunan 'yarsa Yagana. Ina ɗauka ta ce, "Anti Zara, Baba ya cika bayan sallar Asuba." Zanin da ke hannuna ya faɗi ƙasa, har yanzu ban je na ɗauke shi ba.

An riga an kai shi makwancinsa. Ni kuwa tun ɗazu ina zaune da waya a hannu, in rubuta in goge, in rubuta in goge. Akwai maganar da na riƙe shekara kusan arba'in, yau dole ta fita. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Na san yawancinku ba ku taɓa jin sunansa ba. Amma in dai a Maiduguri kuka tashi a shekarun tamanin kuma akwai rediyo a gidanku, kun sha aikinsa kun ƙoshi. Kiɗan nan da ke buɗe shirin manoma, algaita ta fara sai saksafon ya amsa mata, nasa ne. Wanda ake sa wa a ƙarƙashin wasan kwaikwayo in za a yi rabuwa, nasa ne. Har na tallan sabulu da yara ke bi da baki a layi.

Ba mawaƙi ba ne, ban taɓa jin ya rera ko baiti ɗaya ba. Aikinsa a gidan rediyonmu shi ne haɗa kiɗan da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin magana, a ajiye a ɗakin ajiya, duk furodusan da ke buƙata ya zo ya zaɓa. Ba a faɗin sunan mai shi a iska. Na taɓa tambayarsa ko abin ba ya ci masa rai, sai ya ce, "Ni tabarma nake saƙawa, Zara. Wa kika taɓa gani ya zauna a tabarma yana tambayar sunan masaƙi?"

Tsohon ɗan badujala ne, a can ya koyi busa saksafon da karanta kiɗa a takarda. Yana da fayafayen jaz da direbobin Legas ke kawo masa, yana lallaɓa su kamar ƙwai. A wurinsa babu wani kiɗan Turawa da kiɗan gida, duk dangi ne da suka daɗe ba su gaisa ba. Yakan ce saksafon ai algaita ce da ta je boko ta dawo tana yanga.

Gogen Turawa guda ɗaya tak yake da shi. Amma sai ya ɗauki kansa yana gogawa a inji ɗaya, ya juye a na biyu yana ƙara wani a kai, ya sake maidowa, har sai ka rantse mutum ashirin ne a ɗakin. A kan wannan zai ɗora ganga, ko garaya, ko ya kira abokansa na badujala su busa masa layi biyu ya sallame su da shayi. Da injuna biyu da reza da haƙuri yake yin abin da a wasu ƙasashen sai an cika zaure da makaɗa.

Ni na shigo gidan ina yarinya ɗanya, ban daɗe da gama makaranta ba, kuma ba da son ran mahaifina ba. Mu mutanen shanu ne da muka zauna a Bolori, shi dillancin dabbobi ya sani, bai ga abin da zai kai 'yarsa yin magana duk gari na ji ba. Da ƙyar ya yarda, da sharaɗin ranar da aka kawo masa ƙarata, ranar na gama aiki.

Ran da aka gabatar da ni, Ba Kyari ya dube ni sama da ƙasa, ya fara da gaisuwar Barebari, ya ce, "Wushe, wushe. Yau kuma 'yar Fillo aka kawo mana? To a ɓoye madarar shayi."

Na ce, "Ba Kyari, ai gara ni. Babarbare da gogen Turawa, wa ya aike ka?"

Ya yi dariya har da buga tebur. Tun daga ranar muka ƙulla, wasan Fulani da Barebari bai taɓa yankewa tsakaninmu ba.

Halina kuwa duk wanda ya san ni ya sani, ba ni da haƙurin jira. Shi ya sa mini Zara Jirgi.

Yanzu ga maganar.

Akwai wani tsoho a Dala, Ba Abaca, mai busa sarewar kara. Ba Kyari ya ce duk Borno bai taɓa jin mai numfashi irin nasa ba. Tsohon ya ƙi zuwa situdiyo, ya ce shi ba zai yi busa a ɗakin da ba taga ba. Sai Ba Kyari ya riƙa ɗaure inji a bayan Vespa ɗinsa yana bin sa gida da hantsi. Wata rana ya samu busa, wata rana hira kawai za su sha ya dawo. Kusan shekara biyu yana wannan jigilar, yana dawowa yana gina goge da saksafon da ganga a kewayen sarewar. Saura kaɗan ya gama, Allah ya yi wa tsohon rasuwa.

Duk wannan ya faru kafin in zo. Ni watana uku kacal a gidan, ban san komai a kai ba.

Akwai kuma halaye biyu na Ba Kyari da ban sani ba tukuna.

Na farko, in ya gama aiki ba ya rubuta komai a kwalin tef ɗin sai ya kwana bakwai. Ya ce ba a raɗa wa jariri suna ranar haihuwa. Ran na bakwai zai sake saurara, in ya gamsu sai ya ɗauki biro ya rubuta: Kasuwa, ko Ruwan Farko, ko Tafiya, ko Jimami.

Na biyu, duk inda ya je ɗauka, sai ya bar inji ya yi minti ɗaya ko fiye yana ɗaukar shirun wurin kafin a fara kiɗa. Ya ce kowane gida da irin shirunsa, kuma a kan shirun ake gina sauran.

Lokacin nan tef ya fi zinariya wuya. Ka yi shiri, a watsa, a goge, wani ya ɗauka a kai. Shi kansa Ba Kyari, yana gama haɗa aikin Ba Abaca ran Talata, washegari ya goge duk tefan da ya yi aikin da su ya miƙa, 'yan sashen labarai suka kwashe. Ya rage guda ɗaya tak, wanda komai ke ciki.

Ran Alhamis na gayyato mata uku masu haɗa turaren wuta don shirin mata. Sun zo, sun ci ado, suna zaune a situdiyo, ni kuwa ba tef. Na je sito, babu. Na zaga ofis-ofis, kowa ya ce nasa da aiki a kai. Sai na leƙa ɗan ɗakin Ba Kyari, wanda ba ya taɓa kullewa. Ba ya nan. A kan kanta kwalaye sun yi layi, kowanne da sunansa da kyakkyawan rubutun nan nasa, sai guda ɗaya a ƙarshe fari fat.

Wallahi na duba. Wannan kaɗai nake iya faɗa don kare kaina, kuma bai isa ba. Na ɗora shi a inji na kunna. Ban ji komai ba sai huci kamar na iska, da kukan kurciya can nesa. Taga a buɗe take, darbejiyar bakin ofis kuwa kullum cike take da kurciyoyi, na ɗauka daga waje ne. Ko rabin minti ban cika ba na kashe, na ce wannan ba komai a ciki.

Dokar gidan ce kafin ka ɗauki shiri sai ka ɗora tef a injin gogewa, wani baƙin ƙarfe mai gurnani. Ka ɗora, ka juya shi sau biyu, shi ke nan. Na ɗora, na juya.

Na yi hirata da masu turare, ta yi daɗi har aka yaba. Ran Asabar bayan an watsa na sake goge shi tas, na mayar da shi kwalinsa, na ajiye daidai inda na ɗauka. Har ina jin kaina wata mai dabara, na yi aro na mayar ba wanda ya sani.

Ran Talata Ba Kyari ya shigo da babbar riga, da ledar dabino da goro. Ya bi ofis-ofis yana cewa a zo suna. Muka taru a situdiyo mu wajen goma. Akwai wani baƙo a cikinmu, magidanci, ya sha hula da farar shadda, yana zaune a bakin kujera ya haɗa hannuwa. Aka ce mini Modu ne, tela, babban ɗan marigayi Ba Abaca. Ya rufe shagonsa ya zo ya ji busar mahaifinsa.

Sai na ga Ba Kyari ya ɗauko farin kwalin nan.

Ya ɗora, ya kunna, ya koma ya zauna ya lumshe ido. Shiru. Na kalli ta kusa da ni, wata babbar furodusa, ta raɗa mini, "Haka yake farawa, sai an ji shirun gidan tukuna. Ki jira."

A nan na tuna hucin da na ji ran Alhamis, da kukan kurciyar.

Minti ɗaya ya wuce. Biyu. Tef na ta juyawa. Wani ya yi gyaran murya. Ba Kyari ya buɗe ido ya ce, a hankali kamar mai magana da kansa, "Ban ji kurciyar ba."

Ya tashi ya tura tef ɗin gaba, ya saurara. Ya kai tsakiya, ya saurara. Ya kai ƙarshe. Ya duba wayoyi, ya canja inji, ya sake ɗorawa. Har sau biyu tef ɗin ya suɓuce masa.

Daga nan ya tsaya ya dafa injin, ya ce, "Ni ne. Ran Laraba da nake goge tefan aiki, na haɗa da shi ke nan. Ni na yi da hannuna."

Ya juya wurin Modu, mutumin da ya girme wa nesa ba kusa ba, ya cire hularsa ya durƙusa. Ya ce, "Mahaifinka ya ba ni amanar numfashinsa shekara biyu, na zubar. Ka yafe mini."

Modu ya kama shi ya ɗaga, yana cewa, "Haba Ba Kyari, haba. Allah ne ya kawo, Allah ne ya ɗauke." Amma da zai fita na ga yana share ido da bakin hularsa. Dabinon nan haka ya kwana a kan tebur.

Ina tsaye a wurin. Taku uku ne tsakanina da shi. Bakina ya buɗe, sai fuskar mahaifina ta faɗo mini, da sharaɗinsa, da yadda za a ce yarinyar nan wata uku kacal ta yi wannan ɓarna. Na ce bari mutane su watse in same shi shi kaɗai. Da suka watse na ce gobe. Ni da ba na iya jiran komai a duniya, wannan ɗaya na iya jira.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne alherin da ya biyo baya.

Shi ya koya mini yanka tef da reza in haɗa ba a ji tabo ba. In na yi sauri ya ce, "Jirgi, sauka ƙasa, sauri ya haifi nawa."

Da aka ba ni shirina na kaina, ban roƙe shi ba ya haɗa mini kiɗan buɗewa, ya sa sarewar Fulani a ciki daga wani tsohon tef da yake da shi. Ya ce, "Ga shi, ko shanunku sa riƙa saurare."

Ranar da mahaifina ya rasu, shi ya fara isowa Bolori daga ofis, ya yini a zaure yana karɓar gaisuwa kamar ɗan gida.

Da cikina na fari ya tsufa, ya hana ni ɗaukar inji, shi yake kai mini har mota.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan na karɓa na yi godiya, na koma gida na kasa cin abinci.

Shi kuwa bai koma daidai ba. Ya ci gaba da aiki har ya yi ritaya cikin shekarun casa'in, ya yi kiɗa masu kyau da yawa. Amma ya daina jiran kwana bakwai, yana gamawa yake rubuta suna, har a jikin tef ɗin ma sai ya manna takarda. Dabino da goro ba su sake shigowa situdiyo ba. Kuma bai sake ɗaure inji a Vespa ya je wurin wani tsoho ba. An yi masa maganar wani mai garaya, an yi masa ta wata tsohuwa mai waƙar daka a wajen gari, ya ce a tura wani. Na ji da kunnena ya ce, "Hannun da ya goge Ba Abaca ba shi da hurumin ɗaukar wani." Ba a tura kowa ba, tsofaffin nan duk sun tafi da abinsu.

Wannan ma a wuyana yake.

Ganina da shi na ƙarshe bara ne, bayan babbar Sallah, a gidansa na Galtimari. Na shirya tun daga gida, na ce yau ko me zai faru sai na faɗa. Na same shi a inuwa a kan tabarma, ya rame, amma idon nan na tsokana yana nan. Yagana ta ce mini kunnen ya tafi gaba ɗaya, sai dai a rubuta masa. Akwai littafi da biro a gefensa don baƙi.

Yana ganina ya ce, "Lale, lale! A ɓoye madara, Fulani sun shigo."

Da Yagana ta shiga ciki kawo ruwa, na matsa kusa na faɗa masa. Duka na faɗa, da bakina, tun daga matan turare har zuwa kurciya. Ina yi ina kuka. Yana kallon bakina yana gyaɗa kai irin na wanda ba ya son ya kunyata baƙo.

Da na gama ya miƙo mini littafin da biro.

Na riƙe biron nan. Na kalli tsoho mai shekara tamanin da wani abu yana mini murmushi. Sai na rubuta: Na zo gaishe ka ne kawai.

Ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Zara, bakinki ya yi doguwar tafiya, amma rubutun gajere ne." Ya yi dariya, ni ma na yi ta dole.

Can kuma ya ce, "Kin san wani abin mamaki? Tun da kunnen nan ya rufe, sarewar Ba Abaca ta dawo mini. Daga farko har ƙarshe nake jin ta, har da kurciyar. Sai dai babu injin da zai ɗauko ta daga nan." Ya nuna kansa da yatsa.

Na ce a raina zan dawo, zan rubuta a gida a tsanake in kawo masa. Bolori da Galtimari hawa ɗaya ne ko biyu a Keken haya. Shekara ta zagayo ban je ba.

Ɗazu bayan an dawo daga maƙabarta na kira Yagana na gaya mata komai. Sannan ta ce, "Anti, da kin rubuta masa."

Na ce, "Na sani."

Ta ce, "Mu dai namu mun yafe. Shi ma ya ce ya yafe wa kowa, wanda ya sani da wanda bai sani ba. Amma shekaranjiya da jikin ya yi tsanani, wasiyya ɗaya ya bar mana. Ya ce mu nemi iyalan Ba Abaca a Dala mu sake roƙa masa gafara, kada ya je ya haɗu da tsohon da nauyin nan a kansa."

Jama'a, mutumin nan ya bar duniya yana neman gafarar laifin da ba nasa ba.

Na ce wa Yagana wannan saƙon ba nasu ba ne, nawa ne. Modu ya rasu, amma an ce 'ya'yansa suna nan. Gobe in Allah ya kai mu, daga gidan gaisuwa Dala zan wuce, in durƙusa inda Ba Kyari ya durƙusa a madadina.

Na kuma tambaye ta ko littafin baƙin nan yana nan. Ta ce yana nan a gefen tabarmarsa. Zan nemi shafin in rubuta a ƙarƙashin wancan layin, ko da mai karantawa ya tafi. Kafin nan ga shi na rubuta a inda kowa zai gani:

Ba Kyari, ba kai ba ne. Hannunka bai taɓa zubar da amanar kowa ba. Ni ce na goge tef ɗin, ni Zara.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Kyari. Ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka yalwata masa shi. Ka sauke masa nauyin da ya ɗauka ba nasa ba, ka sanar da shi abin da na kasa sanar da shi. Ka haɗa shi da Ba Abaca da Modu a Aljanna Firdausi. Ka ba Yagana da 'yan'uwanta haƙurin rashinsa.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kada ka wuce sai ka yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu ƙafa uku ce. Shekara da shekaru kuna zaune a kan tabarmarsa ba ku san sunansa ba, yau kun sani, ku ambace shi.

In kun gama tasa, ni ma ku sa ni a ciki.